Hoton Raƙumin Ruwa a Falon Inna

A falon Inna, a gidanmu na unguwar Sa'alaba a Jidda, akwai bango guda wanda ƙanena Auta ya cinye kaf. Ga hotonsa na gama makaranta, ga shi da hular kwano a wurin aiki, ga na ɗaurin aurensa, ga na 'ya'yansa biyu, har da wani da aka ɗauke shi ya jingina da wata mota wadda a lokacin ba tasa ba ce ma. Ni hotona ɗaya ne tak, can ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki inda ruwa ke ɗan ɗiga, har gefensa ya fara kumbura. A cikinsa ina tsaye a kan yashi da gajeren wando, na rungumi wani dogon allo da ya fi ni tsawo, a bayana kuma teku ta ɗago kai fari fat.

Duk baƙuwar da ta shigo, Inna kan bi bangon nan da ita hoto bayan hoto, tana kiran sunan Auta har sunan ya gaji. In aka iso nawa sai ta nuna da haɓa, ba ta ko kallonsa sosai, ta ce, "Wancan kuma shi ne ya hau raƙumin ruwa." Shi ke nan. Jimla ɗaya nake da ita a bakin uwata, kuma na riƙe ta yadda nake riƙe iƙamata, takardar izinin zama, a aljihun gaba.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba sai an yi masa bayani ba: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi ido cikin ido. Kunya ce, kuma ado ce a wurinsu. Amma ni a Jidda aka haife ni, a lungun da kowace uwa da sunan ɗanta na fari ake kiranta, Ummu wane, Ummu wane, tana amsawa da fara'a kamar an naɗa ta sarauta. Da maƙwabtanmu Larabawa suka fara kiran Inna da sunana, sai ta yi kamar ba da ita ake ba, har suka gaji suka bari. Da aka haifi Auta, bayan 'yan mata uku, suka gwada nasa sunan, ta amsa tun ba su rufe baki ba. Har yau da sunansa ake kiranta daga Sa'alaba har Bab Makka. Wani yaro a makaranta ya taɓa tambayata ko riƙona take yi. An yi mini bayanin al'adar nan ya fi a ƙirga, kaina ya gane, amma cikina bai taɓa ganewa ba.

Auta kuwa irin mutanen nan ne da duk abin da suka taɓa sai ya bi su. Karatu ya bi shi, aiki ya bi shi, har gemu ya fito masa a jere, nawa yana nan kamar gonar da awaki suka shiga. Abu ɗaya ne bai iya ba, shi ne ruwa. Ko a bakin teku muka je shan iska, can baya yake tsayawa yana riƙe da takalmansa. Ni kuma ruwa ne aikina. Ina wani shagon kayan nutso a Abhur, can bakin teku, ina cika wa masu nutso tulunan iska, ina wanke musu kaya, ina duba injin kwale-kwale. A ruwa kaɗai nake zama yayansa na gaskiya.

Hoton ya samo asali ne daga wata tafiya da kafilina, wato mai shagon da nake zaune a ƙasar ƙarƙashin sunansa, ya yi zuwa wani tsibiri a ƙasar Jawa shekara takwas da suka wuce, ya tafi da ni don in riƙa ɗaukar kaya. Tekunmu ta Jidda kwance take kamar ruwan randa, ban taɓa ganin igiyar ruwa ta gaske ba sai a can. Na ga samari suna tsaye a kan allo, ruwa na gudu da su, na ce ai wannan nawa ne. Na yi hayar allo na shiga. Kwana shida ina shiga, kwana shida ruwa na tofo ni. A kwance, rub da ciki, ruwan ya sha kai ni har gaɓa, amma da na yunƙura zan miƙe sai allon ya bi gabas ni in bi yamma. Ban taɓa tsayawa a kansa ba, ko na ƙiftawar ido. Ranar ƙarshe na roƙi wani mai sayar da kwakwa ya ɗauke ni hoto a kan tudu.

Da na dawo na yi ta fama in fassara wa Inna abin da na je yi. Na faɗa da Larabci, ta ce in yi mata Hausa. Na ce ruwa ne ke tasowa da tozo ya zo ya fashe a gaɓa, mutum ya hau kansa da allo. Ta ce, ba ni take kallo ba, "Raƙumin ruwa ke nan." A ranar na fara jin kalmar. Ba ta tambaye ni ko na tsaya ba, ni kuma ban ga dalilin tona wa kaina asiri ba. Hoton ya hau bango, jimlar ta shiga bakinta, na ci gaba da cin ribarta shekara takwas.

Wata Juma'a, mun dawo daga masallaci muna cin tuwo da miyar kuka a falon nan, sai Auta ya suɗe yatsa ya ɗaga kai ya dubi bango.

"Yaya," ya ce, "ijazata, hutun aikina na bana, halas, an gama, na yanke shawara. Mu je wurin nan naka. Ka koya mini."

Na ajiye lomar. Na ce, "Kai da ko a baho ba ka sa kanka a ruwa?"

"Shi ya sa. Saura wata uku. Ka koya mini iyo a nan, allo kuma a can. Yalla ya akhi, haba ɗan'uwa, kar ka ce a'a."

Matarsa ta tafa, 'ya'yansa suka hau tsalle, ƙannena mata suka ce wallahi ya dace. Inna ta ƙara masa nama a gabansa. Ni kuwa abu biyu suka taso mini lokaci guda. Na farko tsoro, domin in muka je zai ga yayansa yana birgima a ruwa kamar buhu. Na biyu ya fi muni, kuma shi ya fi ƙarfi: bango guda bai ishe shi ba, sai ya zo ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ya karɓe ɗan wurin da nake fakewa? Ƙyashi ne, ba ni da wani suna mai kyau da zan ba shi. Na yi murmushi na ce Allah ya kai mu.

Na sa rai kafilina zai hana ni hutu, in samu abin fakewa. Da na tambaye shi sai ya rungume ni, ya ce ai tafiya da ɗan'uwa lada ce, har ya ba ni aron rigunan ruwa biyu. Ban taɓa jin haushin alherin mutum kamar na ranar ba.

Muka fara iyo a Abhur, da safe kafin zafi ya taso, duk ranar da ba ya aiki. Ranar farko ya riƙe wuyana kamar zai shaƙe ni, ya sha ruwan gishiri har ya yi amai, idanunsa suka yi jawur. Allah ya yafe mini, ranar na ci abincin rana da daɗi. Na ce masa ruwa ba lissafin ofis ba ne, wasu sai su shekara ba su iya ba. Ya ce tayyib, ya ji. Ashe in ya koma gida bidiyo yake kallo, yana cusa fuska a roba yana koyon numfashi, matarsa na riƙe masa agogo. A mako na uku ya saki wuyana. A mako na shida ya yi iyo daga gaɓa har inda muke ɗaure kwale-kwale ya dawo, yana fitowa yana tambayata ko hannunsa na hagu na shiga daidai. Yana shiga daidai, ya ma fi nawa. Na ce masa da sauran gyara.

Sai maganar miƙewa a kan allo. Tunda tekunmu ba ta da raƙuma, a saman benen Inna muke yi bayan la'asar, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Na zana siffar allo da alli a ƙasa. Na ce ya kwanta rub da ciki, ya dafa hannu biyu a gefen ƙirji, ya tashi tsaye da yunƙuri ɗaya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, kada gwiwa ta taɓa ƙasa. Bayani kam na iya shi, kwana shida na yi ana yi mini shi.

"Nuna mini sau ɗaya, Yaya."

Na ce gwiwata na ciwo tun da na ɗauki tulun iska ba daidai ba.

"Ma'alesh, Allah ya sawwaƙe," in ji shi, ya kwanta. Na farko ya tashi a karkace. Na biyu ya taka layin alli. Na uku ya tashi cak, ya buɗe hannuwa, ya ɗan rusuna, kamar a kan allo aka yanke masa cibiya. Matarsa ta ɗauka a waya, kafin magariba bidiyon ya zaga dangi har Madina. Na sauko na tarar da Inna ta kafa tabarau tana kallo, tana sake kallo, tana kiran sunansa tana masa albarka. Na tsaya a bakin ƙofa da alli a hannuna, ban san na murƙushe shi ba sai da na ga farin gari a kan wandona.

A cikin wannan hali ne aka zo zaɓen wuri, kuma Auta ya bar mini zaɓin, tunda a cewarsa ni ne masani. Wurare biyu na sani a tsibirin. Ɗaya wani lungun teku ne mai yashi lallausa, igiyoyinsa ba su wuce ƙugu ba, akwai masu koyarwa, har tsofaffi da yara ke koyo a wurin. A nan na yi faɗuwata ta kwana shida. Ɗayan kuma can kan wani ƙoƙon dutse yake, inda ruwa ke tashi ya fi ƙofar ɗaki tsawo, ya fashe a kan duwatsun murjani masu kaifi, a wurin da zurfin ruwan bai kai ko rabin mutum ba. Sau ɗaya na je wurin, daga tudu na kalla, na ga an fito da wani bayansa duk jini.

Na biyun na zaɓa. Na zauna a shago tsakanin tulunan iska, na nemo masauki a kusa da shi, na tura wa Auta hotuna na ce nan ne wurin maza. Dabarata ita ce in ya ga ruwan da idonsa gabansa zai faɗi, ya ce halas, mu zauna a inuwa mu sha kwakwa mako guda. Ni kuma in riƙa duban teku ina girgiza kai ina cewa yau ruwan bai yi ba. Mu dawo shi bai tsaya ba, ni ba a gan ni ba, jimlata tana nan. Na gaya wa kaina ba cutar da shi nake nufi ba, kuma har yau ina ganin ba ita nake nufi ba. Amma na san Auta. Tun yana rarrafe bai taɓa ganin abu ya ja da baya ba, balle in yayansa na tsaye yana kallo. Wannan ɓangaren tunanin na rufe shi yadda ake rufe tukunyar da miyarta ta kwana ta lalace.

Shi kuwa murna ya yi. Ya sayo man kare rana, ya sayo igiyar da ake ɗaure allo da ita a ƙafa, ya sayo mana huluna iri ɗaya. Kullum sai ya turo mini tambaya: wace ƙafa zai sa gaba, me ake ci kafin a shiga, in ruwa ya danne mutum ya zai yi. Ina amsawa kamar malami, ina jin haushin yadda yake yarda da ni.

A gidanmu ba a yin tafiya sai an je an durƙusa an nemi izinin Inna, ko da an riga an sayi tikiti. Saura mako biyu muka je tare, bayan la'asar. Tana zaune a kan darduma da butar shayi a gabanta. Auta ya zauna ya jingina da kafaɗarta yadda ya saba, ni na tsuguna daga bakin ƙofa yadda na saba. Ya buɗe waya ya nuna mata bidiyon wurin da za mu je. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta ce ya maimaita. Sannan ta ce masa man kaɗanyarta ya ƙare, ya je wurin matar nan ta Bab Makka ya sayo mata yanzu, kada a rufe. Ya ce gobe, ta ce yanzu. Ya ɗauki makulli ya fita.

Na yunƙura zan bi shi, domin ni da Inna ba mu saba zama mu biyu ba. Sai ta ce, tana duban butar shayi, "Wancan ya zauna."

Na zauna.

"Ƙasan ruwan nan, yashi ne ko dutse?" Butar take tambaya.

Na ce, "Yashi ne, Inna. Da ɗan dutse."

"Ruwa ba ya yin wannan launin a kan yashi." Ta zuba shayi a kofi ɗaya, ta tura shi gefe inda hannuna zai kai, ba ta ce nawa ba ne. "Ina da shekara tara muka ƙetaro teku daga Sawakin. Jirgin katako ne, mun cika shi har baki, alhazai da buhuna da akuya. Kwana biyu lafiya, a na uku raƙuma suka taso. Wanda bai san addu'a ba ranar ya koya. Kawunku na unguwar Sharafiyya yana goye a bayan uwata, bai kai yaye ba. Ga ƙannenta a jirgin, ga matan da suka girme ni. Ni 'yar fari ce, uwata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Amma da ta ga za ta riƙe tsohuwarta da hannu biyu, ba ta miƙa wa kowa goyon nan ba sai ni. Ta kwance zaninta ta ɗaure mini shi, ƙulli biyu. Ba ta ce mini komai ba."

Wannan ne karo na farko da na ji labarin nan da goyo a ciki. Kullum iyakarsa akuyar da ta faɗa ruwa, mu yi dariya.

"Mutane na cewa iya ruwa fid da kai," ta ce. "Ni ba fid da kai nake nema ba. Yaron nan bai san tsoro ba, domin bai taɓa faɗuwa ba. Wanda ya san faɗuwa nake so ya tsaya a bayansa."

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, ni fa ban taɓa tsayawa a kan allon nan ba."

Ta ɗan yi tsaki, irin wanda take yi in an kawo mata labarin da ya kwana. "Wa ya shafa wa wancan man kaɗanya da ya dawo? Gwiwa a saɓule, ciki a goge kamar an ja shi a kan tabarma. Mai tsayuwa ciwon tafin ƙafa yake kawowa."

Na tuna. Ba ita ta shafa da hannunta ba, ƙanwata ta ba, amma tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa a ƙara a nan, a ƙara a can.

"To me ya sa kike gaya wa mutane na hau?"

A nan ne ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya, gajere, kafin ta mayar da ido kan butar. "Na ce ya hau. Na ce ya tsaya? Wa ya taɓa tsayawa a kan raƙumi in ba mahaukaci ba? Raƙumi a zaune ake hawansa, a riƙe da kyau, ya kai mutum inda za shi. Ya kai wancan gaɓa ko bai kai shi ba?"

Na ce ya kai ni.

"To."

Shekara takwas ina gadin ƙarya, ashe matar da nake ɓoye wa ba ta taɓa ɗaukarta ba. Na so in yi dariya, na so in yi kuka, kuma ko a lokacin, Allah ya sani, wani ɓangare na zuciyata yana ƙorafi cewa duk wannan doguwar magana, wadda ta fi duk abin da ta taɓa gaya mini a rayuwa tsawo, saboda Auta aka yi ta. Na shanye shayin ya yi sanyi. Da ya dawo da man kaɗanya ta sa mana albarka tare, ta kira sunansa sau uku, ni kuma ta ce Allah ya tsare na gaba.

Washegari na ce Auta ya zo ya kai ni Sharafiyya, wurin mai sayar da tikitin da ya kama mana masauki. A mota na gaya masa. Na fara da mai sauƙin, cewa ban taɓa tsayawa ba. Ya yi dariya har ya buga sitiyari, ya ce, "Wallahi? Da ciwon gwiwar ma?" Na ce da shi ma. Ya ce ba komai, sai mu koya tare, ya ma fi daɗi. Da na tsaya a nan da mun rabu lafiya. Amma na ci gaba, na gaya masa yadda wurin da na zaɓa yake, da mutumin da na ga an fito da shi, da dalilin da ya sa na zaɓa.

Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ka san zan shiga."

Na ce na yi zaton za ka ji tsoro.

"Yaya. Ka san zan shiga."

Muka shiga neman wurin ajiye mota, kuma Sharafiyya da yamma ba a samun wurin ajiye mota da wuri. Mun zaga sau huɗu. Da ya kashe injin ya zauna yana duban gaba, sannan ya ce, "Me na taɓa ƙwace maka?" Na duba in ba shi amsa, na ga duk abin da zan lissafa ba shi ya ɗauka ba, ba shi aka yi. Na ce babu. Ya ce, "Halas. Mu je ka canza." Muka shiga na canza masauki zuwa lungun yashi, wurin tsofaffi da yara. Kwana tara bai turo mini tambaya ko ɗaya ba, kuma na ji rashinsu fiye da yadda na zata. A na goma ya turo hoton hulunan nan biyu, ya rubuta in zaɓi launi.

Mun je. A rana ta biyu Auta ya tsaya. Ina cikin ruwa iya ƙirji a bayansa, ni na tura masa allon, na ga ya tashi cak yadda ya yi a saman bene, ruwa ya tafi da shi har gaɓa yana ihu da Larabci. Na yi masa kabbara da ƙarfi, kuma a daidai lokacin na ji ƙyashin nan ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari, bai fasa ba don na tuba. Ni na kai gwiwa ɗaya a rana ta biyar, iyakata ke nan. Sauran lokacin ban ma nemi tsayawa sosai ba. Duk faɗuwar da ya yi, idona na kan inda ya nutse har sai kansa ya fito, kuma ya faɗi da yawa, domin ruwa bai san shi Auta ba ne. Ba wani ceto na yi ba. Sau ɗaya dai igiyar allon ta naɗe masa ƙafa ya ruɗe, na kama shi ta hammata na ɗaga, ya yi tari ya ce kada in gaya wa matarsa.

Hotonsa ya hau bango mako guda bayan dawowarmu. Babba ne, ya fi na ɗaurin auren, an sa shi a tsakiya, yana tsaye a kan allo da hannuwa a buɗe. In ka duba da kyau, can baya akwai wani baƙin ɗigo a cikin kumfa, kaina ne. Nawa hoton yana nan inda yake, ruwa na ɗiga kusa da shi. Na auna su da ido, nasa ya yi huɗun nawa, kuma ba zan ce ban ji komai ba.

Wata Juma'a wata tsohuwar ƙawar Inna ta zo daga Makka. Ina zaune a bakin ƙofa aka fara zagayen bango. Makaranta, hular kwano, aure, jikoki, mota, sannan sabon hoton, inda Inna ta daɗe tana bayani tana kiran sunan Auta, har da yadda ake sa ƙafa ɗaya gaba. Na sunkuyar da kai ina jiran su iso ƙarƙashin na'urar, ina tunanin me ya rage a faɗa, tunda yanzu gidan yana da wanda ya hau har ya tsaya.

Ta nuna da haɓa, ba ta kalli hoton ba, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Wancan kuma shi na ba wa Auta, ya dawo mini da shi."

Baƙuwar ta ce masha Allah, ta wuce ta zauna. Ni na tashi na shiga kicin ɗauko shayin da ba wanda ya aike ni, na daɗe a can ina wanke kofin da yake a wanke.